Gyaran Irin Shanu: Yadda A Ke Kiwon Bijimi Don Maniyyinsa Ya Yi Kyau

Zuwa ga dagatai da masu unguwanni da manoma na Farfaru da sauran ƙasar Jibiya.

Kowane manomi ya sani, in kaka ta yi ba a ɗaukar zangarniyar da ta tsumbure a ajiye don iri. Sai mutum ya bi dami ya zaɓi zangarkun da suka fi cika ido, ya ɗaure su dabam, ya rataye inda gara da ɓera ba su kaiwa. Amma abin mamaki, mutumin nan da ya ke yin wannan hattara da gero, in aka zo wajen shanu sai ya sake. San da ya fi kyau cikin garke shi a ke fara dandaƙewa don huɗa, ko kuwa a turke shi ya yi ƙiba a kai shi kasuwar Jibiya ran Lahadi. Wanda ya rage, watau wanda ba mai saye, shi a ke bari ya yi ta barbarar shanu. In an shekara goma sai ka ji ana cewa shanun yanzu ba su da nono kamar na da.

Ku duba lissafin. Saniya in ta yi ƙoƙari maraƙi ɗaya ta ke bayarwa a shekara, a ƙasarmu ma sau da yawa sai ta kusa shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa. Bijimi guda kuwa da ya cika girma ya isa shanu 25 ko 30. Saboda haka in saniya ta yi rashin kirki maraƙi ɗaya aka yi hasara, in bijimi ne hasarar ta garke ce duka. Ga kuma dabarar nan ta barbarar hannu, wadda da ita bijimi guda ya kan haifi dubbai. Shi ya sa aka rubuta wannan takarda, don ku san abin da ke gyara maniyyin bijimi da abin da ke ɓata shi, ko naku ne na garke, ko wanda malamin dabbobi ya kawo cikin tanki.

Asalin barbarar hannu

Barbarar hannu ita ce a ɗebi maniyyin zaɓaɓɓen bijimi, a duba shi, a tsarma shi, a rarraba, sa'an nan a ɗura wa saniya cikin mahaifa lokacin da ta ke neman sa. Ba sabon abu ba ne. Wani masani na ƙasar Italiya, Spallanzani, ya gwada ta ga karya wajen 1780, ta kuwa haihu. Daga 1899 Ivanov ya yi ta aikinta ga dawaki a Rasha, a 1936 kuma manoman Denmark suka kafa ƙungiyar farko don yi wa shanunsu. Wahalar zamanin nan ita ce maniyyi ba ya daɗewa, kwana kaɗan ya mutu. Sai a 1949 waɗansu masana a Ingila, Polge da Smith da Parkes, suka gano in an zuba gilisarin a ciki ana iya daskarar da shi ya farfaɗo. Yanzu cikin ruwan naitirojin a ke ajiye shi, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri, ya yi shekaru da yawa bai lalace ba. Har bijimi ya mutu ana samun 'ya'yansa.

A ƙasarmu, gonar shanu ta Shika kusa da Zariya tun 1928 aka kafa ta, ita ce yanzu Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma tana da sashen wannan aiki. A ƙetaren iyaka, cikin Nijar, wadda tsofaffi har yanzu su kan ce da ita Faransa, akwai gonar Tukunus wajen Filinge, inda aka daɗe ana tace irin shanun Azawak.

Abin da madubin likita ke nunawa

Bijimi ya kan zubar da kamar cikin cokalin shayi guda, watau mililita 5, ko ya ɗara kaɗan ko ya kasa. Na kirki fari ne mai kauri kamar madara. In ya tsinke kamar ruwan tsari, ƙwayoyin da ke ciki ba su da yawa, in kuwa da ja-ja ko gudaji, akwai jini ko mugunya, ba shi da amfani. Amma ido iyakarsa ke nan. In aka ɗiga shi ƙarƙashin madubin likita, sai a ga waɗansu 'yan halittu masu kai da wutsiya, kamar 'ya'yan kwaɗi cikin kududdufi, suna ta iyo. Cikin mililita guda na bijimi lafiyayye a kan sami kamar miliyan 1,000. Abin da a ke sa wa saniya guda kuwa wajen miliyan 20 ne. To, ku raba da kanku: zubi ɗaya, in ya yi kyau, ya isa shanu 200 da ɗoriya.

Abu uku likita ke nema: yawansu, da tafiyarsu, da siffarsu. Waɗanda ke kewaya wuri ɗaya ko suna makyarkyata ba su kai ga ƙwan saniya, sai masu miƙewa gaba. Siffa kuma, akwai masu karyayyar wutsiya, da masu kai biyu, da waɗanda kansu ya rabu da wutsiya. Ƙa'idar da likitocin dabbobi na Amurka suka ajiye, wadda a ke bi wurare da yawa, ita ce kada masu miƙewa gaba su kasa 30 cikin 100, kada masu cikakkiyar siffa su kasa 70 cikin 100. Wannan kuwa matakin ƙarshe ne ga bijimin garke. Wanda za a daskarar da nasa sai ya wuce haka nesa, domin sanyi ya kan kashe kusan rabi.

Kwana sittin

Wannan shi ne abin da ya fi kowane muhimmanci cikin takardan nan, kuma shi ne makiyayi da yawa ba su lura da shi ba. Ƙwayar maniyyi ba rana ɗaya a ke ƙera ta ba. Cikin 'ya'yan maraina ta kan yi kamar kwana 61 kafin ta ƙeru, sa'an nan ta ƙara kwana goma da wani abu cikin wata murɗaɗɗiyar jijiya da ke manne da su, tana nuna. Watau abin da bijimi ya zubar yau, aikin wata biyu ne da suka wuce. In ya yi zazzaɓi na kwana uku cikin Maris, ya warke, ya koma cin abinci yana haƙilo kamar da, ba za a ga ɓarnar ba sai bayan mako biyu ko uku, kuma ba zai komo daidai ba sai wajen Mayu ko Yuni. Yana hawa, amma hawan banza ne. Mai shanu ya ga saniya ta sake neman sa sau biyu sau uku, sai ya ɗora mata laifi, har ya sayar da ita da sunan juya ce, alhali kuwa lafiyarta lau.

Dalilin da zazzaɓi ke yin wannan ɓarna shi ne, maraina ba su aiki sai sun fi sauran jiki sanyi da digiri 2 zuwa 6. Don haka aka halicce su a waje suna reto. In rana ta yi zafi sai jakar ta saki ta yi ƙasa ta yi gumi, in ɗari ya sauko ta tattare. Duk abin da ya hana wannan aiki ya taɓa iri: zazzaɓi, da ƙurji, da kirci a fatar jakar, da kaska in ta taru a wurin, da kitse, da kuma zafin bazara kansa. Kun san Afrilu a ƙasar Katsina, zafi ya kan wuce digiri 40 a inuwa. Shanunmu masu tozo sun fi na Turai jurewa ƙwarai, amma jurewa ba ta hana ɓarna. Binciken da aka yi a Shika cikin shekarun 1980 ga bijimai Bunaji da ruwa-biyunsu ya nuna maniyyi ya fi kyau da damina bisa ga lokacin zafi da fari.

Maganin ba shi da tsada. Ku yi wa bijimi rumfa mai tsawo wadda iska ke ratsawa, ta zana ko ta kara, domin rufin kwano maras tsawo tanderu ne. In akwai bedi ko tsamiya a gida, gindinta ya fi. A ba shi ruwa safe da rana da maraice, kada a ce sai an kai garke rafi. A fita da shi kiwo da sanyin safiya da la'asar, tsakar rana ya kwanta. Kada kuma a ɗaura masa garma ko amalanke da rana tsaka sa'an nan a ce ya yi barbara da maraice. Bijimin da aka saya daga nesa, ko daga Maraɗi ko Ɗan Isa aka koro shi a ƙasa, ko cikin mota aka cuso shi, a ba shi wata biyu ya huta kafin a yanke masa hukunci.

Abinci

Yunwa da ƙiba duka suna ɓata iri. Ta yunwa ita ce tamu, tun daga Fabrairu har ruwa ya sauka, sa'ad da ba abin da ya rage a saura sai busasshen kara. A Shika an raba 'yan bijimai, waɗansu aka ba su abinci mai gina jiki da yawa, waɗansu kaɗan. Waɗanda suka ƙoshi suka riga balaga, marainansu suka fi girma, maniyyinsu ya fi yawa. Abin da ya kamata a ɗauka daga nan shi ne, kiwon bijimi tun yana maraƙi a ke fara shi. Maraƙin da aka tatse uwarsa ƙaf aka bar masa hantsa ba kome, ko an ƙosar da shi daga baya da wuya ya cika abin da ya rasa. Wanda kuka zaɓa don iri, ku bar masa nononsa.

Abin da a ke bukata yana cikin gonakinku: harawar wake da ta gyaɗa da aka ɗaure tun tana kore aka ɗora a rumfa, da kowa, da dusa, da 'ya'yan gawo waɗanda ke zuba daidai lokacin da ciyawa ta ƙare, da ɗan ƙuliƙuli, da gishiri da kanwa na lasa. Ɗanyen ganye kuma ko kaɗan ne kada ya yanke, domin cikinsa akwai bitamin A wanda maraina ba su aiki sai da shi. Masu noman rani a bakin dam ɗin Jibiya ba su da hujja a nan, ɗan gefen fadama ya isa a shuka wa bijimi guda ciyawa.

Sai dai ku yi hankali da angurya da tunkuzarta. Masu turka suna sonta domin tana sa ƙiba da sauri, amma cikinta akwai wani dafi da a ke kira gosifol, wanda in ya yi yawa ya kan lalata wutsiyar ƙwayoyin maniyyi, tun ba ga ɗan bijimi mai tasowa ba. A ba shi kaɗan a gauraye da dusa, kada ta zama ita ce abincinsa. Kuma kada a yi wa bijimin iri kiwon ragon layya. Kitse ya kan taru a wuyan jakar maraina ya rufe zafi a ciki, nauyi ya kashe masa ƙafafu, ya yi ƙyuya. Irin wannan kyan ɗan maciji ne. Wanda a ke so shi ne mai cikar jiki, ba a ƙirga haƙarƙarinsa da ido amma in an shafa a ji su, yana kuwa samun tafiya kullum.

Cututtuka

Kowace cuta mai kawo zazzaɓi tana shiga lissafin kwana sittin ɗin nan, ko ɓoru ce, ko ciwon huhu, ko zazzaɓin kaska. Sammore ya fi su naci. An gwada a Zariya an ga bijiman da ya kama maniyyinsu ya lalace ƙwarai, kuma ko bayan an yi magani su kan daɗe ba su komo ba. Ƙasar Jibiya ba ta tsando ba ce sosai, amma shanun da suka yi cin rani a kudu su kan dawo da shi.

Wadda ta fi ban tsoro ita ce bakkale. Tana sa saniya ɓari cikin watannin ƙarshe, mabiyiya ta maƙale, ta kumbura wa bijimi maraina da gwiwa, tana kuma bin maniyyi. In aka ɗura irin bijimi mai bakkale cikin mahaifar shanu ɗari, an raba cuta gida ɗari. Mutum ma ya kan ɗauka ta shan madarar da ba a dafa ba, ko taɓa abin ɓari da hannu tsirara, ya yi ta zazzaɓi mai tafiya yana dawowa ana cewa na sauro ne. Ba a warkar da bijimi daga bakkale, sai a fitar da shi daga iri. Don haka ba a ɗibar maniyyin kowane bijimi don rabawa sai an gwada jininsa, an kuma gwada shi don tarin fuka. Duk wanda ya kawo muku iri bai iya faɗin daga wace cibiya ya fito ba, ku sallame shi.

Zaɓen bijimi

Ku fara da uwarsa, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tana da nono? Tana haihuwa a kan kari? Sa'an nan ku dubi ƙafafunsa na baya, su ke ɗaukar nauyinsa wajen hawa. Daga nan a kama shi a shafa maraina. Su zama biyu, kai ɗaya, masu tauri kamar damtsen mutum in ya dunƙule hannu, suna motsi cikin jaka ba su manne ba. Masu laushi kamar balbela, da masu tauri kamar dutse, da wanda ɗaya ya fi ɗaya, duk abin ƙi ne. A sa igiyar awo irin ta tela a kewaya inda ya fi faɗi. Gwargwadon girmansu gwargwadon yawan irin da su ke yi, abin kuma gado ne. Shanunmu sun fi na Turai jinkirin balaga, saboda haka kada a yi wa ɗan shekara guda gaggawa, amma bijimin da ya cika girma bai kai santimita 30 ba, watau kamar inci 12, abin shakka ne. Sauran 'yan maruƙa maza da ba a zaɓa ba a dandaƙe su da wuri, in ba haka ba su za su riga zaɓaɓɓen.

Daga cibiya zuwa garke

Ɗibar maniyyi da daskarar da shi aikin cibiya ne, ba na gida ba, sai mu taƙaita. A kan bar bijimi ya yi yunƙurin hawa sau ɗaya ko biyu a janye shi, don zubin ya fi yawa, sa'an nan a tare shi da wani bututun roba mai ɗumi. A tsarma da ruwan da aka haɗa da gwaiduwar ƙwai ko madara, da gilisarin da maganin ƙwayoyin cuta, a sanyaya sannu sannu, a ɗura cikin 'yan tsinkayen roba masu cin rabin mililita ko rubu'i. Jikin kowane tsinke an buga sunan bijimi da irinsa da ranar ɗiba.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne tsakanin cibiya da gindin saniya, nan kuwa idonku zai yi amfani. Ruwan naitirojin kullum ƙafewa ya ke yi, ko an buɗe tanki ko ba a buɗe ba. In ya ƙare na yini ɗaya, duk abin da ke ciki ya mutu, kuma ko an sake cika tankin tsinken ba ya nuna alama, fari fat kamar da. Dagaci yana da iko ya ce a tsoma sanda a gabansa, inda raɓar ƙanƙara ta kama nan ne iyakar ruwan. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan. Za ku ga ba ya ɗago tsinkaye sama da wuyan tanki, ya kan ciro guda da hantsaki maza ya mai da saura. Ya jefa shi cikin ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 37, wanda ya auna da ma'auni, na daƙiƙa 30 zuwa 45, ya share shi sarai domin ɗigon ruwa yana kashe ƙwayoyin, ya kare shi daga rana, ya ɗura kafin minti 15. Wanda ya narkar da tsinke cikin aljihu ko a tafin hannu, ko ya narkar da goma gaba ɗaya ya shiga gaisawa da jama'a, kuɗinku ya ke zubarwa.

Ita ma saniya da nata sharaɗi. Ta kan nemi sa kowane kwana 21, ko ya kasa da uku ko ya ɗara da uku, alamar da ba ta ƙarya kuwa ita ce ta tsaya cik 'yan'uwanta su hau ta. Ga shanunmu abin ba ya daɗewa, sau da yawa kuma da dare ya ke zuwa, sai an duba da asuba da magariba. Wadda aka gani da safe a yi mata da maraice, wadda aka gani da maraice a yi mata da sassafe. Ramammiya ba ta ɗauka, ko da irin wane bijimi ne. Ko inda aka gwanance ma, in rabi suka ɗauka a karon farko an ce aiki ya yi kyau, saboda haka kada ku yarda da mai yi muku alkawarin goma cikin goma.

Wane iri za a nema

Mutane su kan ɗoki irin Firisiyan, baƙi da fari, don labarin yawan madararsa. Gaskiya ne ruwa-biyunsa da Bunaji ya fi Bunaji madara, in ya sami abinci da inuwa da magani. Amma in jinin Turai ya wuce rabi, zafi da kaska da tafiya su kan kayar da shi. Wanda ke da 'yan shanu a gida, da harawa a rumfa da ruwa kusa, ya gwada ruwa-biyu. Wanda shanunsa ke yini a daji, a ganinmu ya fi masa ya nemi zaɓaɓɓen Bunaji ko Bokolo ko Azawak, wadda ta saba da ƙasa mai rairayi irin ta kan iyakan nan, tana kuma cikin shanun da suka fi nono a wannan yanki. Akwai kuma wani abin dubawa da kowa ya sani ba sai an faɗa da ƙarfi ba: a shekarun nan da satar shanu ta dami ƙasar Jibiya, bijimi mai tsada a turke kiran ɓarayi ne, tsinke cikin tanki kuwa ba mai kora shi daji.

Aikin dagaci a nan shi ne ya tara masu so, domin ma'aikaci ba zai taso daga Katsina saboda saniya guda ba. In shanu sun taru, likita ya kan yi musu wata allura su nemi sa cikin kwanaki kaɗan gaba ɗaya. Amma allurar nan tana zubar da ciki, saboda haka tilas a laluba kowace saniya tukuna, kada a dogara ga maganar mai ita. A sami littafi guda a gidan dagaci, a rubuta sunan mai saniya, da kamanninta, da ranar da aka yi mata, da sunan bijimin da ke jikin tsinke. Bayan kwana 21 a duba wadda ta sake nema a rubuta, bayan wata biyu ko uku likita ya dawo ya laluba. In shanun da aka yi wa da tsinken bijimi ɗaya ko tanki ɗaya suka yi ta komowa, a kai littafin ofishin dabbobi na Jibiya. Waɗanda suka ɗauka kuwa a lissafa musu wata tara da kwana goma ko fiye kaɗan, a fara tanadin harawa tun daga kakar da ke gaba.